Tafkin Nyos: Daren da Iska Ta Shafe Ƙauyuka a Kamaru

Masu haƙa rijiya a ƙasar Hausa suna da wani ilimi da suka gada daga iyayen gidansu. Idan tsohuwar rijiya ta daɗe a rufe, ba a faɗa mata haka kawai. Sai an ɗaura fitila a igiya an zura a hankali. In wutar ta mutu kafin ta kai gindi, to babu mai sauka, domin akwai muguwar iska kwance a ciki. Ido ba ya ganinta. Wanda ya yi gaggawa ya shiga sai jiri ya kwashe shi, wanda ya bi bayansa don ya ceto shi, shi ma ya tafi. Irin wannan iskar ce, amma mai yawan da ya fi ƙarfin lissafin mutum, ta taso daga wani tafki a Kamaru a daren Alhamis 21 ga Agusta, 1986, ta gangara kwari, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500 kafin gari ya waye.

Nyos ƙauye ne a yankin Menchum, cikin lardin Arewa maso Yamma inda ake amfani da Turancin Ingilishi, a kan hanyar da ta tashi daga Wum ta nufi Nkambe. Ƙasa ce ta tuddai da ciyawa, baƙar ƙasa mai albarka wadda masara da wake da gwaza suke so. Manoma suna cikin kwari, Fulani Bororo kuma suna kan gangaren tuddai da garkunansu. Tafkin yana sama da ƙauyen, a cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru. Ba wani babban ruwa ba ne a ido: tsawonsa bai wuce kilomita 2 ba, faɗinsa ya ɗan haura kilomita 1. Zurfin ne abin tsoro, mita 208. Kafin wannan daren, ruwansa garau yake, shuɗi, a kwance lumui.

Misalin ƙarfe 9 na dare, a tsakiyar damina, waɗanda suke zaune a kan tudu suka ji wata ƙara kamar rugugin tsawa daga nesa, ko kamar dutse ya ɓalle yana gangarowa. Wasu sun hango wani farin hazo yana tashi daga saman ruwan. Yawancin mutanen kwari sun riga sun shiga ɗaki, wasu na cin abincin dare, wasu sun kwanta. Daga binciken da aka yi daga baya, ruwa da kumfa sun yi tsiri sama har kusan mita 100, igiyar ruwa ta share ciyayi da bishiyoyi a gefe ɗaya na tafkin har tsayin mita 25, sannan iskar ta tumbatsa ta bakin ramin. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, ba ta watse sama ba. Malala ta yi kamar ruwa, tana bin kwari, kaurinta ya kai mita 50, tana gudun kilomita 20 zuwa 50 a awa. Ta ratsa Nyos, ta ratsa Kam da Cha da Subum, ta yi kisa har nisan kusan kilomita 25.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan lamari shi ne yadda komai ya tsaya a inda yake. Ambaliya tana rushe gida, guguwa tana yaye rufi, gobara tana barin toka, mutum ya ga abin da ya cuce shi. A Nyos ɗakuna suna tsaye, masara tana tsaye a gona, tukwane na kan murhu. Fitilu ne kawai suka mutu, kamar fitilar mai haƙa rijiya. An sami mutane a kan shimfiɗarsu, wasu a bakin ƙofa, wasu a kan hanya sun fara gudu ƙafa ta gaza. Shanu sun zube a makiyaya, kaji da karnuka da tsuntsaye duk sun mutu. Waɗanda suka fara isa wurin sun ba da labarin cewa ko ƙuda babu a kan gawarwakin, domin ƙudajen ma sun tafi. A cikin ƙauyen Nyos kansa 'yan tsiraru ne suka tsira. Wasu sun suma tun daren Alhamis, ba su farfaɗo ba sai Juma'a ko Asabar, suka buɗe ido suka tarar da iyalinsu kaf a kwance kewaye da su.

Labarin bai fita da wuri ba. Babu waya, hanya ta lalace da ruwan damina, kuma waɗanda ya kamata su kai labari su ne suka mutu. Sai da aka kwashe kusan kwana biyu kafin duniya ta san abin da ya faru. Aka kwashi waɗanda suka rage zuwa asibitocin Wum da Nkambe, sama da mutum 800 aka kwantar. Sojoji suka haƙa manyan ramuka suka binne mutane tare, don ba yadda za a yi a yi wa kowa kabarinsa. Ga Fulanin da suka rasa 'yan uwansu, ba wanka, ba likkafani, ba sallah a kan kowace gawa yadda aka saba. Wannan wani ciwo ne daban da alƙaluma ba sa nunawa. Mutum kusan 4,000 ne suka bar yankin.

Yadda tafki yake zama tarko

Dutsen da tafkin yake cikinsa ɗaya ne daga cikin jerin duwatsu masu aman wuta da suka taso tun daga tsibiran Tekun Gini, Sao Tome da Bioko, suka bi ta Dutsen Kamaru, suka miƙe har tsaunukan Adamawa da na Biu a Najeriya. A can ƙarƙashin ƙasa har yanzu akwai narkakken dutse, kuma yana fitar da iskar kabon dayoksaid, wato iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma take sa lemon kwalba yin kumfa. Iskar tana narkewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwan kuma ya ɓuɓɓugo ta gindin tafkin. A zurfin mita 200, nauyin ruwan da ke sama yana danne ta, sai ta zauna a narke, shekara da shekaru tana taruwa.

A ƙasashen da ake hunturu mai tsanani, ruwan saman tafki yakan yi sanyi ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya hau, sai tafkin ya juya kansa duk shekara ya amayar da abin da ya tara kaɗan-kaɗan. Nyos ba ya samun haka. Zafin wurin kusan ɗaya ne rani da damina, ramin yana da zurfi, ganuwar dutse ta kare shi daga iska. Ruwan sama yana sama, na ƙasa yana ƙasa, ba sa gauraya. Abin da ake buƙata kawai shi ne wani abu ya ɗan tura ruwan ƙasa ya hau. Da ya hau, nauyin da ke kansa ya ragu, iskar ta fara fita kumfa-kumfa, kumfar ta ja wani ruwan ya biyo ta, shi ma ya saki tasa. Daga nan abin ba ya tsayuwa sai ya ƙare. Masana da yawa suna ganin zaftarewar dutse ce ta tayar da shi a wannan dare, wasu kuma sun fi karkata ga sanyin ruwan damina da ya raunana shingen da ke tsakanin ruwan sama da na ƙasa. Ƙiyasin iskar da ta fita ya kama daga tan 100,000 zuwa 300,000, akwai ma masu kai shi sama da haka nesa. Washegari tafkin ya ragu da kusan mita 1, kuma shuɗin ruwan ya koma ja kamar tsatsa, saboda ruwan gindi mai ɗauke da ƙarfe ya hau ya haɗu da iska.

A iskar da muke shaƙa kullum, kabon dayoksaid bai kai ko kashi 1 cikin 1,000 ba. In ya haura kashi 10 cikin 100, mutum yana suma cikin mintuna. Waɗanda suka tsira sun ce sun ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ko na albarushi, kuma an ga wasu da ƙuraje da tabo kamar na ƙuna. Wannan ya sa tun farko aka ɗauka dutsen ne ya yi aman iska mai zafi da guba. Fitaccen masanin duwatsu na Faransa, Haroun Tazieff, ya tsaya a kan wannan fahimta, kuma an yi ta ja-in-ja a kai har a taron masana da aka yi a Yawunde a 1987. Amma ruwan gindin tafkin da aka auna a sanyaye yake, ganyayen bishiyoyi ba su ƙone ba, kuma likitoci sun danganta yawancin tabon da doguwar kwanciyar da mutane suka yi a sume a gefe guda. A hankali mafi yawan masu bincike, irin su George Kling da William Evans daga Amurka da Minoru Kusakabe daga Japan, suka tsaya a kan cewa tafkin ne da kansa ya saki abin da ya tara.

Mutanen gari kuwa suna da nasu bayanin. Kwana huɗu bayan abin, firayim ministan Isra'ila Shimon Peres ya sauka a Kamaru don maido da hulɗar jakadanci, ya zo da tawagar likitoci. Sai magana ta bazu cewa wani sabon bam aka gwada a kan talakawa. Babu wata shaida da ta taɓa tabbatar da haka, amma ban ga laifin wanda ya yarda ba. Mutum ya wayi gari danginsa sun ƙare, ba jini, ba rauni, sannan ga baƙi sun cika gari da na'urori, ba wanda ya zauna ya yi masa bayani da harshen da yake ji. Dole zuciya ta nemi wanda za ta ɗora wa.

Gargaɗin da ya riga ya zo

Nyos ba shi ne farko ba, kuma nan ne lamarin yake da zafi. Shekara biyu kafin haka, a daren 15 ga Agusta, 1984, Tafkin Monoun da ke kusa da Foumbot, kimanin kilomita 100 kudu maso gabas da Nyos, ya yi irin wannan aman ya kashe mutum 37. Da asuba wata motar ɗaukar kaya ta shiga cikin hazon da ya kwanta a kan hanya, injin ya mutu, waɗanda suka sauko don su duba suka faɗi nan take. Mutum biyu da suke zaune a can saman kaya suka tsira, don kansu ya ɗara iskar tsawo. A wannan shekarar, cikin watan Afrilu, an yi yunƙurin juyin mulki a kan shugaban ƙasar, Paul Biya, saboda haka hukuma ta fara zargin ko aikin maƙiya ne, aka yi shiru da maganar. Daga baya aka gayyato Haraldur Sigurdsson, masani ɗan ƙasar Aisland da ke koyarwa a Amurka. Ya ɗebo ruwa daga gindin tafkin, murafun kwalabensa suka riƙa fashewa saboda iska, ya gane abin da ya faru. Ya rubuta sakamakon ya aika wa wata babbar mujallar kimiyya, suka mayar masa, suna ganin abin ya yi nisa da hankali. Watanni kaɗan bayan nan Nyos ya tashi.

Da a ce bayan Monoun an bi tafkunan ramin duwatsu na wannan yanki ɗaya bayan ɗaya an auna ruwan gindinsu, da an ga abin da Nyos yake ɗauke da shi. Aikin kwale-kwale ne da igiya da kwalba. Mutum 37 ba su isa su sa a yi shi ba.

Akwai kuma gargaɗin da ya girmi wannan nesa ba kusa ba. Eugenia Shanklin, wata mai nazarin al'adu daga Amurka da ta daɗe tana aiki a yankin, ta tattara labaran kaka da kakanni na ƙabilun wurin, ta tarar da su cike da tafkuna masu tashi su sauya wuri, masu nutsewa, masu fashewa su haɗiye jama'a. Mutanen Kom suna da labarin wani tafki da ya ɓullo a ƙasar Bamessi, ya cika da kifi, jama'a suka shiga kamun kifin, sai ya tashi ya hallaka su. Mutanen Bafmen, waɗanda suka daɗe a kewayen Nyos, al'adarsu ita ce gina gida a kan tudu. Waɗanda suka zo daga baya, cikin ƙarni na 20, da ƙasar noma da hanyar mota suka jawo su, su ne suka cika kwarin. Ba su yi wauta ba, kowa ya ga fadama mai kyau ga ruwa ga hanya zai sauka. Sai dai ba su gaji labarin ba, ko kuma sun ji shi a matsayin tatsuniyar wasu.

Ni a ganina wannan ne tarihin bala'in wannan al'umma na ainihi. Ba a rubuce yake ba, ba shi da kwanan wata, amma yana nan cikin inda tsofaffi suka yarda a kafa gida da inda suka hana. Mu ma mun san irinsa. Kusan kowane tsohon gari da ke bakin gulbi yana da wurin da dattawa suke cewa hanyar ruwa ce, ko da an yi shekara talatin ba a ga ɗigo a wurin ba. Sai gari ya cika, fili ya yi tsada, a yanka wurin a sayar. Ranar da ruwan ya tuna hanyarsa sai a ce ba a taɓa ganin irin wannan ba, alhali an taɓa, waɗanda suka gani ne suka mutu.

An yi wa tafkin magani

Maganin da aka samo yana da sauƙi har abin ya ba da mamaki. Tawagar Michel Halbwachs daga Faransa ta gwada shi a Monoun a 1992, sannan a Nyos a 1995. Ana zura dogon bututun roba daga kan wani dandamali mai yawo a saman ruwa har kusa da gindin tafki. A fara jan ruwan da famfo. Da ruwan ƙasa ya kama hanya yana hawa, iskar cikinsa ta fara kumfa, sai ya ci gaba da tura kansa, a kashe famfon, abin ya yi ta aiki ba inji ba mai. Wato abin da ya kashe mutane ne aka sa shi ya riƙa faruwa kaɗan-kaɗan a cikin bututu, iskar ta watse a sararin sama ba ta cuci kowa ba. Bututun dindindin na farko an kafa shi a Nyos a 2001, ruwan yana feshi sama kusan mita 50. Shekara 15 ke nan bayan bala'in, kuma duk tsawon wannan lokaci tafkin yana sake cika. Bututu ɗaya bai wadatar ba, sai a 2011 aka ƙara biyu. Monoun ya sami nasa a 2003, aka ƙara masa a 2006. Zuwa 2019 masu aunawa sun nuna cewa iskar Nyos ta ragu har bututu guda zai iya riƙa fitar da abin da ke shigowa. An kuma kafa na'urori masu jin iskar su yi jiniya, aka koya wa mutane cewa in sun ji, tudu za su hau, kada su bi kwari.

Wata barazanar ta biyu ta shafi Najeriya kai tsaye. Abin da ya tare tafkin ta arewa wata ganuwa ce ta tokar dutse da ta daskare, tsayinta mita 40, faɗinta a inda ta fi sirancewa kimanin mita 45, kuma ruwa yana cinta. A 2005 masanin ƙasa na Jami'ar Yawunde, Isaac Njilah, ya ja hankali a kai, masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ma suka duba suka ce tana iya ɓallewa. In ta ɓalle, ruwa mai yawan kubik mita miliyan 50 zai bi Kogin Kimbi ya faɗa Kogin Katsina-Ala, wanda ya ratsa Taraba da Binuwai (sunan ne kawai ya yi kama da Katsinar Dikko). Raguwar ruwan kuma tana iya sake tayar da iskar. An ƙarfafa ganuwar da siminti da tallafin Tarayyar Turai, Najeriya kuma ta gina madatsar Kashimbila a kusa da Takum don ta tare ruwan in ya zo, aka haɗa mata da injinan lantarki masu megawat 40. Tafki na uku a duniya da aka sani da irin wannan hali shi ne Kivu, tsakanin Ruwanda da Kwango, wanda ya ninka Nyos girma fiye da sau dubu, da mutum kusan miliyan 2 a kewayensa. Abin da aka koya a Nyos shi ake amfani da shi wajen sa masa ido.

Mutanen fa?

Gwamnati ta hana zama a kewayen tafkin. Bayan zaman tantuna, aka rarraba waɗanda suka tsira zuwa matsugunai bakwai: Buabua, Kimbi, Esu, Ipalim, Kumfutu, Yemnge da Upkwa. An gina musu ɗakuna, amma a ƙasar wasu. Manomin da ya saba da baƙar ƙasar Nyos aka ba shi ɗan fili da bai kai nasa albarka ba. Bafulatanin da garkensa ya ƙare a dare ɗaya, an raba shi da abin da ya fi dukiya, domin saniya ita ce abincinsa, ita ce sadakin ɗansa, ita ce mutuncinsa a cikin dangi. Wanda ya fara tara 'yan shanu kuma sai rikicin makiyaya ya taso tsakaninsa da masu ƙasa. Kayan agaji sun zo daga ƙasashe da yawa a 1986, kuma tun lokacin ake ƙorafin cewa ba duka ne suka isa hannun masu su ba. Yaran da aka ɗauko daga cikin gawarwakin iyayensu sun girma a waɗannan matsugunai, yanzu su ma sun haura shekara arba'in, suna da 'ya'ya da ba su taɓa zama a garinsu na asali ba.

Hankalin duniya ya fi karkata ga tafkin, don shi ne abin al'ajabi, shi ake rubuta wa takardun bincike, shi ake nuna hoton feshinsa. Ban raina wannan aiki ba, ya ceci rayuka kuma ya cancanci yabo. Amma an san yawan iskar da ke kowane zurfi na ruwan nan shekara bayan shekara, alhali alƙawarin mayar da mutane gida da hanya da makaranta da asibiti ya yi ta jan ƙafa. Sannan daga 2017 rikicin 'yan aware ya mamaye lardin Arewa maso Yamma, zuwa wurin ya zama da haɗari ga masu duba bututun da ma'aikatan gwamnati, wasu daga cikin mazauna matsugunan kuma suka sake yin gudun hijira karo na biyu a rayuwarsu.

Da yawa ba su jira izini ba. Tun shekarun baya iyalai suka riƙa komawa kwarin da kaɗan-kaɗan, suna noma masara a kusa da ramukan da aka binne iyayensu, Fulani kuma suna kora shanu kan tuddan da ke kallon ruwan. In aka tambaye su, amsar ba ta wuce cewa ƙasar tana ba da abinci, kuma nan ne gida. Duk ranar 21 ga Agusta sukan taru, Kirista da Musulmi, kowa ya yi wa nasa addu'a.